Ƙaramar karya ta kusa haihuwa: abin da za ka tanada da abin da za ka bari

 Ga bayanin da muka yi a filin kiwo, mun rubuta shi saboda wanda shirin ya wuce shi, da wanda ya ji amma yake so ya ajiye.

Wani zai ce, a rasa abin da za a yi magana a kai sai haihuwar karya? To, wanda ya taɓa kwana a daji da garke ba zai faɗi haka ba. Karen kirki shi ne ke kwana ido biyu kai kana barci, shi ke jin motsin ɓarawo ko kura tun kafin sanuwa ta ɗaga kai, kuma malamanmu sun daɗe da bayyana cewa ajiye kare don kiwo ko farauta ko gadin gona halas ne. Abin da ka ajiye kuwa, haƙƙinsa yana wuyanka. Sannan ga 'yan kasuwarmu masu zirga-zirga zuwa Kwatano da Lome da Legas. Akwai waɗanda ake ba su saƙon ƙananan karnukan nan na Turawa, masu gashi buzu-buzu, su kawo wa masu gida a birni, wasu ma sun fara ajiye mace don ta haihu su sayar da 'ya'yan. Kuɗi ne mai yawa a jikin abin da bai kai zakara biyu nauyi ba.

Maganarmu a kan karya mai ƙaramin jiki ce, ko 'yar gida ce da ta fito 'yar ƙil, ko irin na waje kamar Lhasa da Pug da Chihuahua, wanda asalinsa daga Meziko ne kuma babbarsa ba ta cika wuce kilo 3 ba. Doguwar karyar nan ta Azawak da Buzaye ke kiwo, da sauran karnukan ruga masu tsayi, yawanci su kan haihu ba tare da an taimaka musu ba. Ƙaramar ce ke ba da wahala, kuma dalilin a fili yake. Ƙugunta matsattse ne, kan 'ya'yanta babba ne idan aka gwada da jikinta, musamman masu gajeren hanci irin Pug. Ba ta cika ɗaukar 'ya'ya da yawa ba, sau da yawa biyu zuwa huɗu ne, wani lokaci ma ɗaya tak. Kada ka ce ɗaya ai sauƙi ne. Ɗa guda shi kaɗai ke cin abincin mahaifa, sai ya yi girman da ba zai bi ta hanya ba, kuma wani lokaci naƙudar ma ba ta tashi da ƙarfi. Idan kuwa babban karen gadi ne ya hau ta, to ka fara shirin ganin likitan dabbobi tun daga ranar.

Abu na farko shi ne lissafi. Akuya wata biyar take yi, saniya wata tara da 'yan kwanaki, karya kuwa kwana 63 ne, wato mako tara. Tana iya haihuwa tun daga kwana 58, tana iya kaiwa 68, domin ranar da ka ga barbara ba lallai ita ce ranar da ciki ya shiga ba. Hanya mafi sauƙi ga wanda ba ya riƙe kalanda ita ce ya ƙirga da kasuwa. Idan a ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari ka ga kare ya hau ta, sai ka ƙirga kasuwa tara. Daga kasuwa ta takwas ka sa ido. Idan ta tara ta ci, ta goma ta zo, karya ba ta haihu ba, kada ka ƙara jira.

Wanda ke kusa da birni yana da wata dama. Likitan dabbobi na iya duba ciki da na'ura tun daga kwana 25 zuwa 30 ya tabbatar akwai shi. Bayan kwana 45 ƙasusuwan 'ya'yan sun yi ƙwarin da hoton ƙashi zai nuna su, a ƙirga su, a gwada girman kai da faɗin ƙugu. Asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna irin wannan aiki, haka ma wasu likitoci masu zaman kansu a manyan birane irin su Yamai da Kano. Amfanin sanin adadin babba ne: ranar haihuwa ba za ka zauna kana tunanin ko ta gama ko da saura ba. Wanda ke nesa kuwa, ko ba komai ya nemi lambar wayar malamin dabbobi mafi kusa, ya tambaye shi tun yanzu ko yana iya yi wa karya tiyata, idan ba ya iyawa wa ke iyawa, kuma tafiyar awa nawa ce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai abinci. Makonni biyar na farko ba sai ka ƙara mata komai ba. Ƙiba ma illa ce, karya mai kitse ta fi shan wuya wajen naƙuda. A makonni uku na ƙarshe ne 'ya'yan ke girma da sauri, a nan za ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, har ya zama abin da take ci ya ɗara na da da kwata ko rabi. Amma tumbinta ya matse, 'ya'ya sun cika wurin, don haka raba mata sau uku ko huɗu a yini. Ragowar tuwo da ruwan dusa ba za su riƙe ta ba. Tana bukatar dafaffen ƙwai, da ƙananan busassun kifi, da ɗan dafaffen nama, da ɗan nono idan cikinta na karɓa. A kiyaye miyar da albasa ta yi wa yawa, albasa na lalata jinin kare. A kuma kiyaye ba ta ɗanyen huhu ko hantar dabbar da aka ga ƙullutun ruwa a ciki, domin tsutsar da ke ciki kan girma a hanjin kare, ƙwanta ya fito ta kashi ya koma wa dabbobi da mutane.

Ga wani abu da masu son karyarsu ke yi da kyakkyawar niyya, alhali cuta ne: sayo ƙwayoyin kalsiyam, maganin ƙarfin ƙashi, suna ɗura mata tun tana da ciki. Ka bari. Jiki yana da hanyarsa ta ɗebo kalsiyam daga ƙashi idan bukata ta taso. Idan ka saba masa da na banza kullum, wannan hanyar sai ta yi kasala, ranar da shayarwa ta zo da babbar bukata sai a neme ta a rasa. Za mu dawo kan wannan a gaba.

Jakar maganin shanu kuma, a rufe ta. Mun san kowane makiyayi na da tasa. Allurar sammore, wadda ake kira Berenil, tana iya taɓa ƙwaƙwalwar kare ta kashe shi idan aka zarce ko kaɗan, kuma a dabbar da ba ta wuce kilo 4 ba, zarcewa ba wuya. Farin maganin tsutsa na tumaki, albendazol, yana iya nakasa 'ya'ya a ciki. Ruwan wankan kaska na shanu guba ne ga ƙananan karnuka da jariransu. Magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac suna ƙona musu tumbi da ƙoda. Akwai maganin tsutsa da ya dace da mai ciki, malamin dabbobi ne zai faɗa maka shi da awonsa bisa nauyinta. Kaska kuwa, a wannan lokaci, hannu ya fi: ka zauna ka cire ta ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan kasuwa, kai ma ga taka. Kada ka ɗora karya mai tsohon ciki a mota daga Kwatano zuwa Gaya ko Kamba, cikin kwali, a kan kaya, rana na dukanta. Zafi da girgiza da ƙishirwa na iya sa ta ɓari ko ta haihu kafin lokaci, kuma ɗan da ya fito kafin kwana 58 da wuya ya rayu. Idan saura mako uku, a bar ta inda take har ta sauka.

Wurin haihuwa

Idan ba ka zaɓa mata wuri ba, za ta zaɓa da kanta, kuma zaɓinta ƙarƙashin rumbu ne, ko ramin da ta tona a gindin danga, ko ƙarƙashin motar da aka daɗe ba a tayar ba. Can ne hannunka ba zai kai ba idan abu ya ɓaci, can ne kuma maciji da kwarkwasa ke bi. Don haka mako guda ko biyu kafin lokaci, ka gyara mata lungu a cikin bukka ko rumfa ko bayan shago, inda iska ba ta bugawa, inda dabbobi ba za su taka ba, inda yara ba sa wasa. Babban kwali ya isa, ko tsohon kwando mai faɗi, wanda za ta miƙe a ciki sosai. A yanke gefe ɗaya yadda ita za ta tsallaka amma 'ya'yan ba za su gangaro ba. Ka riƙa ajiye mata abinci a kusa da wurin har ta saba ta ɗauke shi nata.

Shimfiɗa ta zama tsumma mai tsabta ko tsohon zane, a kan buhu. Kada a bar su kan rairayi mai danshin fitsari. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a irin wannan ƙasa da kan tsumman da aka shanya a ƙasa, tsutsarsa ta huda fatar ɗan kwikwiyo ta zauna, sai ka ga ƙuraje kamar maruru ko'ina a jikinsa, kowanne da tsutsa a ciki. Da damina abin ya fi yawa. A riƙa canza shimfiɗa, a wanke, a shanya a kan igiya cikin rana.

Kayan da za ka haɗa ba su da yawa: tsummoki busassu kamar biyar ko shida, sabuwar reza a takardarta, zare mai ƙarfi da aka tafasa, aidin, sabulu, man basilin, tocila mai batir, ɗan zuma ko sukari, da ƙaramin kwali na biyu da za a sa 'ya'yan da suka riga fitowa. Sai ma'aunin zafin jiki, irin na kemis. Idan karyar mai dogon gashi ce, a rage gashin da ke kewaye da nonuwa da ƙarƙashin wutsiya da almakashi.

Ma'aunin zafin nan shi ne zai gaya maka ranar. Daga kwana 56, safe da yamma, ka shafa wa bakinsa basilin, ka sa shi kaɗan a duburarta, ka karanta. Zafin kare mai lafiya digiri 38 zuwa 39 ne. Ranar da ka ga ya faɗo zuwa 37 ko ƙasa da haka, to naƙuda za ta fara cikin yini da kwana ɗaya. Ranar ba ranar tafiya kasuwa ba ce. Fitowar ruwan nono ba ta da tabbas kamar wannan, wata nononta kan kawo mako guda kafin haihuwa, wata sai ranar.

Naƙuda

Farkonta ba yunƙuri. Za ka ga ta ƙi abinci, tana haki, tana rawar jiki, tana tonon shimfiɗa, ta kwanta ta tashi, ta waiwaya ta dubi bayanta, wani lokaci ta yi amai. Bakin mahaifa ne ke buɗewa. Wannan kan ɗauki awa 6 zuwa 12, mai haihuwar fari tana iya kaiwa awa 24. Babu abin da za ka yi sai ka ajiye mata ruwa, ka kori 'yan kallo. Da gaske muke: karyar da aka taru a kanta tana iya riƙe naƙudarta saboda tsoro. Mutum ɗaya da ta sani ya isa, ya zauna gefe shiru.

Daga nan sai faya ta fashe, ruwa ya zubo, ka ga cikinta na ɗaurewa tana yunƙuri kamar mai son yin kashi. Yanzu ka duba agogon wayarka, domin daga nan lokaci ne ke magana. Ɗan fari kan fito a cikin jakarsa, baƙi-baƙi mai santsi. Wasu da kai suke zuwa, wasu da ƙafafun baya, kusan huɗu cikin goma ta baya suke fitowa, kuma wannan a kare ba matsala ba ce. Makiyayin da ya saba da ɗan maraƙi kada ya firgita. Uwar za ta yaga jakar, ta lashe shi da ƙarfi, ta cije cibiya. Tsakanin ɗa da ɗa rabin awa ne zuwa awa ɗaya, wani lokaci ta huta har awa biyu tana shayar da waɗanda suka fito, hankalinta kwance. A irin wannan hutu za ka iya lakato ɗan zuma ka shafa mata a dasashi, ƙaramar karya ƙarfinta na saurin ƙarewa.

Kowane ɗa da mabiyiyarsa, tana biyo shi cikin kamar minti 15, ko ta fito tare da na bayansa. Ka ƙirga su. Ɗa huɗu, mabiyiya huɗu. Uwar za ta so ta cinye, ɗaya ko biyu ba laifi, fiye da haka zawo ne. Sauran a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu. Mace mai juna biyu kada ta taɓa su, haka ma ɗan da ya fito matacce.

Idan uwar ta yi sakare, minti ɗaya ya wuce ba ta yaga jakar ba, abin da ke yawan faruwa ga mai haihuwar fari, to aikin ya dawo hannunka. Yaga jakar ta wajen fuska da yatsunka. Share masa hanci da baki da tsumma, kansa ya ɗan yi ƙasa don ruwan ya gangaro. Sai ka goge shi da busasshen tsumma da ɗan ƙarfi, daga baya zuwa wuya, har ya yi kuka. Kada ka yi saurin fid da rai, wani sai an yi minti goma ko fiye ana gugarsa kafin ya ja numfashi. Amma kada ka kama shi ka wujijjiga a iska kamar yadda wasu ke yi wa ɗan akuya. Ƙwaƙwalwar abin da bai cika tafin hannu ba ba ta jure wannan. Cibiya kuma, ɗaure ta da zare kamar faɗin yatsu biyu daga cikinsa, ka sake ɗaurewa gaba kaɗan, ka yanke tsakani da reza, ka ɗiga aidin. Kada ka ja cibiya. Sai ka kai bakinsa kan nono.

Idan ɗa ya fito rabi ya maƙale, ga iyakar abin da hannunka zai yi. Wanke hannu, yanke farce, shafa basilin kewaye da shi. Kama jikinsa da tsumma, ta kafaɗu ko ta ƙugu, ba ta ƙafa ɗaya ba, ba ta wutsiya ba, ba ta muƙamuƙi ba. Jira ta yi yunƙuri, sai ka ja a hankali, zuwa ƙasa wajen ƙafafunta na baya, kana ɗan karkata shi dama da hagu. Ta tsaya, ka tsaya. Idan 'yan mintoci sun wuce bai motsa ba, ka bari. Saniya ce ake zura wa hannu har gwiwa a juya ɗa, ƙaramar karya yatsa ɗaya ne ke shiga, kuma babu igiya, babu ƙugiya, babu cokali.

Yanzu ga alamomin da idan ka ga ɗaya daga cikinsu za ka ɗauki waya ko ka tayar da babur. Ta yi rabin awa tana yunƙuri mai ƙarfi ba abin da ya fito. Ko yunƙurin ya yi rauni, tana yi tana bari, awa biyu ba ɗa. Ko ta haifi wasu, ka san da saura, awa biyu ta wuce har ana neman uku shiru. Ko zafin jikinta ya faɗi tun jiya war haka amma babu alamar naƙuda. Ko jini ja yana zuba ba tsayawa, ko ruwa mai wari, ko ta kwanta ta kasa ɗaga kai. Akwai kuma koren ruwa, wanda ya kamata ka fahimce shi sosai. Mabiyiyar kare tana da wani launi kore-baƙi a gefenta, don haka bayan ɗan fari ya fito ganin koren ruwa ba komai ba ne. Amma idan ya zubo tun ba a haifi ko ɗaya ba, ma'anarsa wata mabiyiya ta saki jikin mahaifa, ɗan da ke cikinta numfashinsa ya kusa yankewa. Wannan ba ya jiran gari ya waye.

A daidai wannan gaɓa ce wani zai ce, ai akwai allurar naƙuda a kemis, oksitosin, wadda muke yi wa saniya idan mabiyiya ta ƙi faɗuwa. Ɗan'uwa, kada ka soma. Abin da allurar ke yi shi ne ta matse mahaifa da ƙarfi. Idan hanya a buɗe take, mahaifar ce kawai ta gaji, likita na iya ba da ɗan mitsitsin awo ta taimaka. Idan kuwa ɗa ne ya gindaya ko kansa ya fi hanya, matsewar za ta raba sauran 'ya'yan da mabiyiyarsu su mutu a ciki, ko mahaifar ta yage, uwar ta bi su. Kai daga waje ba ka da yadda za ka bambance biyun. Haka jiƙe-jiƙe da tsimi da danna ciki da hannu. Tiyata a kan lokaci kan ceci uwa da 'ya'ya, kuma ko ba ka da niyyar ta sake haihuwa, a nan ne za ka roƙi likita ya cire mahaifar gaba ɗaya a huta. A hanyar zuwa, a sa ta cikin kwali mai shimfiɗa da inuwa, 'ya'yan da suka fito a nasu kwalin daban, a lulluɓe.

Bayan ta sauka, abin da ya fi kashe 'yan kwikwiyo a makon farko shi ne sanyi da yunwa. Ɗan kwikwiyo ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa, yana son wurin kwanansa ya kai kamar digiri 30. Da hunturu, a cika gorar roba da ruwan ɗumi, a naɗe ta da tsumma, a ajiye gefe ɗaya na kwalin, yadda wanda zafi ya dama zai matsa. Kada a kai kaskon garwashi cikin rufaffen ɗaki. Da bazara kuwa akasin haka ne, ɗakin kwano da tsakar rana na iya dafa su, a nemi inuwa mai iska. Idan ka ga sun taru kan juna suna kuka, sanyi suke ji. Idan sun watse kowa na haki, zafi ne. Masu ƙoshi shiru suke, cikinsu a cike, suna ɗan zabura cikin barci.

Dakashi, nonon farko, ka san darajarsa a wurin ɗan maraƙi, to haka yake a nan. Kowane ɗa ya sha shi a yinin farko, domin bayan haka hanjinsa ba ya ƙara ɗaukar kariyar da ke ciki. Ƙaramin cikinsu, wanda manya ke turewa, ka riƙa kama masa nonon baya, su suka fi ruwa. Mai sikelin shago na iya auna su kullum: ya kamata nauyi ya riƙa hawa, ya ninka cikin kwana goma ko kusa da haka. Wanda ya yi sanyi ya daina tsotso, kada a ɗura masa komai sai an ɗumama shi tukuna, a jikin mutum cikin riga ma ya yi. Idan uwa ta mutu ko nono ya ƙi, mafi kyau a samu wata karya mai shayarwa, ko madarar gwangwani ta 'yan kwikwiyo. Nonon saniya tsarara ne a gare su, na karya ya fi shi kauri da maiƙo nesa ba kusa ba. Kafin a samu, nonon akuya da aka tafasa ya huce, a kaɗa ƙwanduwar ƙwai a ciki, zai riƙe su, a ba su da sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo, kowace awa biyu zuwa uku, suna kife a kan cikinsu ba rigingine ba. Bayan kowane ci a shafa musu ƙasan ciki da tsumma mai ɗumi, domin ba sa fitsari ko kashi sai an taɓa su, aikin da harshen uwa ke yi ke nan.

Uwar kuma za ta riƙa zubar da ruwa, kore da fari, sannan ja-ja mai duhu, yana raguwa har mako uku ko fiye. Muddin ba wari, tana ci, tana shayarwa, lafiya lau. Idan ya yi ɗoyi, jikinta ya yi zafi, ta ƙi abinci ta ƙi 'ya'yan, mahaifa ta ruɓe ko wani abu ya saura a ciki. Idan nono ɗaya ya kumbura ya yi tauri da zafi, shi ma na likita ne. Abincinta yanzu ya ninka biyu, a mako na uku ma har uku, ruwa kuwa kada ya yanke a gabanta.

Mu koma kan kalsiyam da muka ce za mu dawo. Ƙaramar karya mai shayarwa, musamman mai 'ya'ya da yawa, a cikin makonni huɗu na farko, nono na iya zuƙe kalsiyam ɗin jininta. Za ka ga ta kasa zama, tana haki, tana tafiya a sandare kamar an ɗaure mata ƙafafu, naman jikinta na rawa, miyau na zuba, jiki ya yi zafi rau, daga nan ta faɗi tana shure-shure. Cikin 'yan awoyi tana iya mutuwa. Abin tausayi, ganin miyau da shure-shure sai a ce ta haukace, a ɗauko sanda. Alhali allurar kalsiyam ta jijiya, wadda likita ke yi a hankali yana sauraron zuciya, kan tashe ta cikin mintoci. Ka cire 'ya'yan daga nono nan take, ka jiƙa mata jiki da ruwa idan ya yi zafi, ka naɗe ta a bargo yadda bakinta ba zai kai gare ka ba, ka kai ta. Kada ka ɗura mata komai tana cikin wannan hali, zai sarƙe ta. Kada kuma ka yi mata allurar da kanka, idan aka tura ta da sauri zuciya take tsayarwa.

Amma fa hattara ta wajaba. Idan ba a taɓa yi mata rigakafin haukan kare ba, ko wani baƙon kare ya cije ta a 'yan makonnin nan, to kada ka kai hannu kusa da bakinta, a killace ta a kira malamin dabbobi ya zo. Wanda ta ciza ko ta yaƙusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Gurnanin da mai jego ke yi idan baƙo ya matso kusa da 'ya'yanta kuwa halinta ne, a dai hana yara zuwa ɗaukarsu.

'Yan kwikwiyo na buɗe ido tsakanin kwana 10 zuwa 14, kada a buɗe musu da hannu. Kusan dukkansu da tsutsar ciki ake haifarsu, tun a mahaifa suke ɗauka daga uwa, don haka a mako na biyu ake fara ba su maganin tsutsa, a maimaita duk bayan mako biyu, uwar ma a ba ta. A mako na uku zuwa na huɗu su fara lasar kunu mai kifi. Idan tashi ya kama ruga kafin su yi ƙwari, a sa su cikin kwando mai inuwa a kan jaki, a riƙa tsayawa uwar na shayar da su. Rigakafin farko, na cutar nan mai sa zawon jini da amai da ke share 'yan kwikwiyo, daga mako shida ake fara shi, na haukan kare kuma a wata uku. Mai niyyar sayarwa kada ya raba su da uwa kafin mako takwas, kuma ya karɓi katin rigakafi daga hannun likitan ya adana, domin takardar da jami'an dabbobi za su nema ke nan ranar da za a tsallaka iyaka da su.